Yuan: Kuɗin Ƙasar Sin da Ke Bayan Farashin Wayarka

Idan wayar da ke hannunka Tecno ce, ko Infinix, itel, Redmi, Oppo ko vivo, to kamfanin da ya ƙera ta na ƙasar Sin ne, kuma mafi yawan kayan da ke cikinta daga can suka fito. Haka cajarka, da iyafis, da gilashin da ka manna wa sikirin. Kafin kayan nan su iso Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas a yi musu kuɗi da naira, sai da aka fara yi musu kuɗi da yuan.

A da, manyan 'yan kasuwa masu zuwa Guangzhou ne kaɗai ke da ruwa da wannan kuɗi. Yanzu matashi yana zaune a ɗakinsa zai buɗe manhaja ya ga farashin kaya a Sin, ya nemi wanda zai biya masa, ya jira kaya su iso. Wasu sun samu sana'a ta wannan hanya, wasu kuma sun tafka asara saboda ba su iya karanta farashin da suke gani ba. Wannan bayani zai gabatar maka da ƙasar, da kuɗinta, da yadda ake karanta farashi da shi, da abin da ya sa yake taɓa aljihunka ko da ba ka taɓa riƙe shi ba.

Ƙasar Sin a taƙaice

Cikakken sunanta Jamhuriyar Jama'ar Ƙasar Sin, an kafa ta ranar 1 ga Oktoba, 1949. Babban birninta Beijing, shugabanta tun 2013 shi ne Xi Jinping. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutane biliyan 1.41, kuma ita ce ta fi kowace ƙasa yawan jama'a har zuwa 2023 da Indiya ta wuce ta. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 9.6, wato ta ninka Najeriya sau goma da ɗoriya, tana kuma iyaka da ƙasashe 14. Gwamnati ta amince da ƙabilu 56, amma ƙabilar Han ta haura kashi 90 cikin 100. Harshen hukuma shi ne Sinanci na Mandarin. Tun 2010 ita ce ta biyu a ƙarfin tattalin arziki a duniya, bayan Amurka. Ta ƙulla huldar jakadanci da Najeriya a 1971.

Akwai wasu ƙananan bayanai da suka fi amfani ga mai sayen kaya. Lambar wayar ƙasar tana farawa da +86, adireshin shafukanta na intanet kuma yakan ƙare da .cn. Duk faɗinta agogo ɗaya take amfani da shi, wanda ke gaban na Najeriya da Nijar da awa 7. Idan ƙarfe 9 na safe ne a Kano ko Maraɗi, ƙarfe 4 na yamma ne a Shenzhen. Shi ya sa wanda ya tura saƙo da azahar sau da yawa ba ya samun amsa sai washegari.

Kamfanin Transsion mai Tecno, Infinix da itel yana Shenzhen, haka ma Huawei. Xiaomi yana Beijing, Oppo da vivo suna Dongguan. A Shenzhen ɗin ne kuma kasuwar Huaqiangbei take, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kayan lantarki na duniya.

Renminbi, yuan, RMB, CNY: wanne ne daidai?

Duka daidai ne. Renminbi shi ne sunan kuɗin a hukumance, ma'anarsa kuɗin jama'a, kuma shi ake taƙaitawa da RMB. Yuan shi ne abin da ake ƙirgawa da shi: yuan 10, yuan 500. CNY kuwa ita ce lambar da bankuna da manhajojin canji suka san shi da ita, kamar yadda suka san naira da NGN.

Yuan 1 ya kasu zuwa jiao 10, jiao 1 kuma ya kasu zuwa fen 10. Ke nan fen shi ne kwatankwacin kwabo, tunda fen 100 ne yuan 1. A bakin mutane kuma sunayen sukan canza, kamar yadda mu ma muke da sunayen da muke kiran kuɗi da su a kasuwa. Basine yakan ce kuai maimakon yuan, ya ce mao maimakon jiao. Idan mai kaya ya rubuto maka "50 kuai", yuan 50 yake nufi.

Wani lokaci za ka ci karo da CNH. Shi ma yuan ne, amma wanda ake hada-hadarsa a wajen babban yankin ƙasar, musamman a Hong Kong. Dalilin rabuwar shi ne gwamnatin Sin tana sa ido sosai kan shiga da fitar kuɗi. Ɗan ƙasa ma an ƙayyade masa sayen kuɗin waje na dala 50,000 a shekara. Farashin CNY da CNH yakan ɗan bambanta, amma da kaɗan.

Takardun kuɗi

Babban bankin ƙasar, wanda ake kira Bankin Jama'ar Sin, an kafa shi ranar 1 ga Disamba, 1948, kuma a watan ne ya fitar da renminbi na farko. Hauhawar farashi ta lokacin ta sa a 1955 aka yi canjin kuɗi, aka karɓi tsohon yuan 10,000 a kan sabo 1. Takardun da ake kashewa yau rukuni na biyar ne, waɗanda aka fara fitarwa a 1999. Guda shida ne, dukansu da hoton Mao Zedong a gaba, don haka launi da hoton baya ne ke raba su:

- Yuan 100: ja ce, a bayanta akwai Babban Zauren Jama'a da ke Beijing, inda majalisar ƙasar ke zama.
- Yuan 50: koriya, da hoton Fadar Potala ta birnin Lhasa a Tibet.
- Yuan 20: ruwan ƙasa, da hoton kogin Li da duwatsun Guilin.
- Yuan 10: shuɗiya, da hoton inda kogin Yangtze ya ratsa tsakanin manyan duwatsu.
- Yuan 5: launin shunayya, da hoton Dutsen Tai.
- Yuan 1: koriya mai sirkin ɗorawa, da hoton Tafkin Yamma na birnin Hangzhou.

Babu takardar da ta wuce 100. Idan wani ya nuna maka takardar yuan 500 ko 1,000 ya ce kuɗin Sin ne na yanzu, kada ka karɓa.

Wani abu da zai ja hankalin Bahaushe yana saman bayan kowace takarda. An rubuta sunan babban bankin da Sinanci cikin haruffan boko, sannan da harsuna huɗu na ƙananan ƙabilu: Mongol, Tibet, Uyghur da Zhuang. Na Uyghur da haruffan Larabci aka rubuta shi, amma harshen ba Larabci ba ne, kamar dai ajamin da ke jikin naira 200, 500 da 1,000, wanda Hausa ce aka rubuta da haruffan Larabci.

An sabunta takardun sau da dama don a sha gaban masu buga jabu: a 2005, sai yuan 100 a 2015, sai 50, 20, 10 da 1 a 2019, sai 5 a 2020. Idan ka riƙe yuan 100 ta 2015, ga abin da za ka duba. Lambar 100 da ke tsakiya tana sauya launi daga ruwan zinare zuwa kore idan ka karkata takardar. Zaren tsaro da ke ɓangaren dama shi ma yana sauyawa daga ja-ja zuwa kore. Idan ka ɗaga ta a haske za ka ga ɓoyayyen hoton Mao a farin wurin da ke hagu. Sannan idan ka shafa kafaɗar rigarsa da yatsa za ka ji kaushi, ba santsi ba.

Sulalla

Sulallan da ake amfani da su uku ne: yuan 1, jiao 5 da jiao 1, kowanne da hoton fure a jikinsa. Na jiao 5 furensa ya yi kama da na bado. A da launinsa ruwan tagulla ne, amma daga 2019 ya koma fari irin na sauran. Ke nan yuan 1 yana nan a takarda, yana nan a ƙwandala. Sulallan fen kuwa da wuya ka gan su a hannun mutane yanzu, sai dai a lissafin banki da na manhaja, inda za ka ga farashi kamar 9.99.

Kalmar yuan asalinta tana nufin abu mai da'ira. Tsoffin sulallan Sin ma masu da'ira ne da huda mai kusurwa huɗu a tsakiya, ana zura su a zare a rataya, abin da zai tuna wa dattawanmu da anini da kwabo mai huda na zamanin Turawa.

Daga takarda zuwa lambar QR

A ƙasar Sin aka fara kuɗin takarda a duniya. 'Yan kasuwar Chengdu da ke lardin Sichuan sun gaji da ɗaukar sulallan ƙarfe masu nauyi, sai suka fara ajiye su a wurin amintattu suna yawo da takardar shaida da ake kira jiaozi. A shekarun 1020 gwamnatin daular Song ta karɓe aikin ta riƙa buga takardun da kanta.

Bayan shekara dubu, ƙasar da ta fara takarda ita ce ke kan gaba wajen ajiye ta. Manhajoji biyu ne suka mamaye biyan kuɗi: Alipay, wadda ta fito daga gidan Alibaba a 2004, da WeChat Pay ta kamfanin Tencent da ta zo a 2013. Mai kanti, mai tasi, har mai sayar da kayan miya, kowa yana da lambar QR a manne. Ka haska ta da kyamarar waya, ka rubuta adadi, ka tabbatar, shi ke nan. Duk da haka doka ta hana ƙin karɓar tsabar kuɗi, kuma babban banki yakan ci tarar wuraren da suka ƙi. Tun 2023 manhajojin biyu suka sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin Visa ko Mastercard na ƙasashen waje.

Sai kuma e-CNY, wato yuan na dijital da babban bankin ya fara gwajinsa a 2020 a biranen Shenzhen, Suzhou, Chengdu da yankin Xiong'an. Takwaransa a Najeriya shi ne eNaira da aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba, 2021. A nan sai ka buɗe ido. e-CNY ba kirifto ba ne. Ba a haƙo shi, ba a sayen sa don a jira ya tashi, domin e-CNY 1 daidai yake da yuan 1 yau da gobe. Gwamnatin Sin ma ta haramta hada-hadar kirifto a ƙasarta tun Satumban 2021. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp ko Telegram cewa ka zuba kuɗi a "kwoin ɗin yuan na gwamnatin Sin" kafin ya fashe, ɗan damfara ne.

Yadda ake karanta farashi

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka mu bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, alamar ¥. Kuɗi biyu ne ke amfani da ita: yuan na Sin da yen na Japan, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. A shekarun 2023 da 2024 dala 1 tana wajen yuan 7, amma tana wajen yen 140 zuwa 160. Wato yuan 1 ya kai kimanin yen 20. Wayar da aka rubuta wa ¥120,000 a shagon Japan ba ta wuce kimanin yuan 6,000 ba. Kafin ka yi lissafi, duba ko shafin na wace ƙasa ne, ko ka nemi CNY ko JPY a kusa da lambar.

Na biyu, harafin 元. Shi ne yuan da rubutun Sinanci, kuma a bayan lamba yake zuwa: 1999元. Sai dai a Taiwan da Hong Kong ma ana amfani da harafin, alhali kuɗinsu daban. Hong Kong tana da dalarta, wadda aka ɗaure tsakanin 7.75 da 7.85 a kan dalar Amurka. Macau tana da pataca. Taiwan, wadda ke tafiyar da mulkinta da kanta ko da yake Beijing na ɗaukar ta a matsayin yankinta, ita ma tana da dalarta.

Na uku, harafin 万. Sinawa suna ƙirga manyan lambobi da dubu goma-goma ne. 1万 shi ne 10,000, 1.2万 kuma 12,000. Idan ka ga kwamfuta an sa mata 1.5万, yuan 15,000 ake nufi, ba ɗaya da rabi ba.

Na huɗu, harafin 折, na rangwame. Mun saba a faɗa mana abin da aka rage, su kuwa abin da za ka biya suke faɗa. 8折 na nufin za ka biya kashi 80 cikin 100, an rage 20 ke nan. Kayan yuan 1,000 sun koma 800. 5折 rabin kuɗi ne, 9.5折 kuwa ragin kashi 5 ne kacal. Lamba tana ƙanƙanta, ragi yana ƙaruwa.

Na biyar, harafin 起, ma'anarsa "daga". Idan an rubuta 1999元起, farashin mafi ƙanƙantar samfurin ne, mai ƙaramar ma'adana. Wadda kake so mai 256GB ko 512GB ta fi haka.

Me ya sa waya ke tsada alhali farashinta a Sin bai motsa ba?

Babban bankin Sin bai sakar wa yuan mara gaba ɗaya ba. Kowace safiyar ranar aiki yana fitar da farashin tsakiya a kan dala, kuma ba a barin kasuwa ta wuce shi ko ta gaza shi da fiye da kashi 2 cikin 100 a ranar. Kafin Yulin 2005 ma a ɗaure yake a wajen 8.28 kan dala 1. Wannan ya sa yuan ba ya yawan tsalle. Ranar 1 ga Oktoba, 2016, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya sa shi cikin jerin manyan kuɗaɗensa, tare da dala, yuro, yen da fam na Ingila.

Wadda ta motsa ita ce naira. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460 a kan dala 1, ko da yake a wurin 'yan canji irin na Wapa ya fi haka tun lokacin. Da Babban Bankin Najeriya ya saki naira, a 2024 dala ta haura naira 1,500. Raba lambobin biyu da 7 ka gani: yuan 1 ya tashi daga wajen naira 65 zuwa sama da naira 200. Wayar yuan 1,999 da ta kama kimanin naira 130,000 a tsohon farashin gwamnati ta koma sama da naira 400,000, ba tare da kamfanin ya ƙara ko fen ɗaya ba. Masu karatu a Nijar ba su ga irin wannan tsalle ba, domin sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957.

Yawancin cinikin ta dala yake bi: naira ta koma dala, dala ta koma yuan, kuma a kowane mataki akwai mai cin riba. Don rage wannan ne a 2018 manyan bankunan ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuan biliyan 15, kwatankwacin naira biliyan 720 a lokacin, wadda aka sabunta daga baya. Amma wannan hanya ta masu shigo da kaya ta banki ce da takardu. Mai sayen caja 50 har yanzu da wakili ko ɗan canji yake hulɗa.

Kafin ka tura kuɗinka

Ka san irin kasuwar da kake ciki. AliExpress da Alibaba.com don masu saye daga waje aka yi su, suna iya nuna farashi da dala. Taobao da 1688 na cikin gida ne, da Sinanci da yuan suke aiki, shi ya sa mutane ke bi ta hannun wakili.

Ka yi lissafi cikakke. A ɗauka, misali, wakili ya ba ka yuan 1 a kan naira 200. Wayar 1,999 ta zama naira 399,800. A kan wannan sai ka ɗora ladan wakili, da kuɗin kai kaya rumbun ajiya a can Sin, da kuɗin jirgi wanda ake auna shi da kilo, da kuɗin kwastan, da na ɗauko kaya daga Legas ko Kano zuwa garinku. Kaya masu batir kuma sukan fi tsadar dako. Bayan ka haɗa duka sai ka kwatanta da farashin kasuwar garinku. Wani lokaci ribar ba ta kai wahalar ba.

Farashin da Google ko manhajar canji ke nunawa ba shi wakili zai ba ka ba, amma ka duba shi a ranar don ka san tazarar. Idan wani ya yi maka tayin yuan a ƙasa da wannan farashi sosai, ka ja da baya, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka fara gwada sabon wakili da kuɗi kaɗan, ka nemi hoton shaidar biya mai ɗauke da lambar oda, ka kuma tabbatar daga wurin mai kayan cewa kuɗi sun shiga. A duk inda manhaja ke da tsarin riƙe kuɗi har sai kaya sun iso, ka biya ta ciki. Mai kayan da ya ce ku koma gefe ya rage maka, kariyarka yake son cirewa.

Ka duba wayar kanta. Wadda aka yi don kasuwar cikin Sin sau da yawa ba ta zuwa da Play Store da sauran manhajojin Google, garantinta ma ba lalle ya yi aiki a nan ba. Bakin cajarta kuma mai ƙafa biyu ne, ba irin mai ƙafa uku na soket ɗin Najeriya ba.

A ƙarshe, ka kula da kalanda. Lokacin Sabuwar Shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu da yawa sukan rufe na makonni. Akwai kuma hutun mako guda daga 1 ga Oktoba. Manyan ranakun rangwame su ne 18 ga Yuni da 11 ga Nuwamba. Idan odarka ba ta gaggawa ba ce, ka jira ranakun ragi. Idan kuwa ta gaggawa ce, ka tura ta kafin hutu ya kama.